Bel ɗin jandarma

Akwai wani guntun ƙarfe da nake ta gani a hannun masu sayar da kayan ƙawar mota, wanda tun farkon makon nan ya hana ni sukuni. Bai wuce tsawon yatsa ba. Kamarsa ɗaya da harshen bel ɗin kujera, sai dai babu igiya a jikinsa. Aikinsa guda ne: a cusa shi a ramin bel, mota ta ɗauka an ɗaura, ta daina ƙara. Wanda ba ya son kashe kuɗi ma bai rasa dabara ba, sai ya zagaya da bel ta bayan kujera, ya maƙale shi can, ya zauna a kai. Wato har mun kai inda mutum zai sa hannu a aljihu ya sayi abin da zai yi wa motarsa ƙarya, don kada ta dame shi da maganar ransa.

Duk mai bin kwaltar Maraɗi zuwa Damagaram ya san wasan da ake yi. Daga Cadawa zuwa Agye, daga Gazawa zuwa Tasawa har Maijirgi, bel na rataye a gefe yana shan ƙura. Da an hango shingen jandarmomi sai direba ya ce wa na gidan gaba, "Alhaji, a ja santir." Alhaji ya jawo, ya riƙe da hannu a kan cinya ba tare da ya maƙala ba, aka duba takardu, aka wuce, ya saki. Idan farar riga ce a jikinsa, har da tsaki, don bel ɗin ya bar masa zane daga kafaɗa zuwa ƙugu. Wannan zanen kaɗai ya isa shaida cewa an daɗe ba a taɓa shi ba.

Kwanan baya wani yayana a zumunci, dattijo mai rufin asiri, ya rage mini hanya daga Tasawa zuwa Mayahi ta Kanambakashe. Motarsa mai kyau ce, irin wadda ake saukewa daga jirgin ruwa bayan ta gama yi wa Turawa aiki. Ɗansa ne ke tuƙi, shi yana gidan gaba, ya ɗora jikansa ɗan shekara uku a kan cinya, yaron na ta buga allon gaban mota da tafin hannu. Daidai inda yake bugawa nan jakar iska, wato erbag, take kwance. Na daure, na kasa, na ce, "Yaya, da ka miƙo mini shi nan baya." Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai ina riƙe da shi. Kuma motar nan da kake gani tana da erbag har shida." Ya faɗi shida ɗin nan da irin muryar mai lissafa shanunsa. Na ce to bel fa? Ya ce bel na wanda motarsa ba ta da erbag ne, kuma shi ba ya son abin da zai ɗaure shi idan wuta ta tashi.

Ban iya ja da shi ba, don ba a yi wa babba gardama a cikin motarsa, gaban ɗansa. Yaron dai ya dawo baya da dabarar alewa. Amma abin da na haɗiye a ranar zan amayar da shi yau, domin ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba.

Mota mai gudun kilomita 50 a awa, idan ta daki abin da ba ya motsi, ita ce ta tsaya, kai ba ka tsaya ba. Jikinka zai ci gaba da wannan gudun har sai ya sami abin da zai tare shi, ko sitiyari, ko gilashi, ko ƙeyar na gabanka. Ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita goma, kamar a ce daga ƙololuwar doguwar goriba irin ta Gulbin Kaba. Idan gudun ya kai 100, wanda a kwaltarmu ba a ma ɗauke shi gudu ba, tsayin ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu ne, mita arba'in. Babu hannun kakan da zai iya riƙe jika a wannan hali, komai ƙaunarsa. Abin da ya fi muni, idan kakan bai ɗaura ba, nauyinsa ne zai danne yaron a jikin allon mota.

Ita kuwa jakar iska ba matashin kai ba ce. Wani sinadari ne ke kamawa a cikinta, ya cika ta da iska kafin ƙiftawar ido, tana ɓarkowa da gudun da kan kai kilomita 300 a awa, sannan nan take ta saɓe. Waɗanda suka ƙera ta sun yi lissafinsu ne a kan mutumin da bel ya riƙe a kujera, wanda zai iso gare ta bayan ta gama cika. Wanda bai ɗaura ba, tun daga taka birki ya riga ya zame gaba, sai ya haɗu da ita tana tsakiyar fashewa. Shi ya sa ake cewa direba ya bar tazarar aƙalla santimita 25 tsakanin ƙirjinsa da sitiyari, na gefe kada ya ɗora ƙafa a kan allo, yara kuma su zauna baya. A Amurka, cikin shekarun 1990, jakar iska ta kashe yara fiye da 100 a gidan gaba, da yawa a ƙaramin karon da kowa zai iya fita lafiya, kuma akasarinsu ba a ɗaure su yadda ya kamata ba. Can aka koyi darasin da gawar ƴaƴansu. Mu an ba mu shi kyauta, mun ce ba ma so.

Maganar wuta kuma, wanda bel ya riƙe shi ne ke cikin hayyacinsa har ya iya danna maɓalli ya buɗe ƙofa. Wanda kansa ya bugi gilashi ya suma, ko ba wuta ba zai fita da ƙafarsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa bel na rage haɗarin mutuwar na gidan gaba da kusan rabi. Ku nuna mini maganin da ke yin haka a kantin magani, kuma ba a biyan ko dala. Injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, shi ya fito da wannan bel mai bi ta kafaɗa da ƙugu a 1959, kamfanin kuma ya bar wa sauran masu ƙera mota su yi amfani da shi ba tare da biyan diyya ba. Faransa, da muke sayen tsofaffin motocinta, ta wajabta shi a gidan gaba tun 1973, a baya kuma 1990.

Na san za a ce mini yawancin mutanen Isawan da Korgom da Urafan ba su da gidan gaba balle bel, a iyas suke tafiya an cusa su kamar ba gobe, ko a bayan a-kori-kura ranar kasuwa. Gaskiya ne, kuma wannan wani rubutu ne daban. Yau da masu hali nake.

Da su nake, don su ne ba su da uzuri. Ma'aikacin da ya yi karatu har ƙasar waje, ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai ya ɗaura bel a jirgi ba musu don wata yarinya ta ce ya ɗaura, shi ne zai dawo gida ya ga ɗaura bel a motarsa zubar da girma ne. Ku lura da direbobin motocin ƙungiyoyin agaji da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Mayahi. Ba sa tayar da mota sai kowa ya ɗaura. Ba daga wata ƙasa aka kawo su ba, ƴaƴanmu ne, sun dai san aikinsu zai tafi idan suka ƙi. Ashe abin ba al'ada ba ne, ba zafin gari ba ne, ba babbar riga ba ce. Mun fi tsoron takardar sallama da tarar jandarma fiye da karyewar wuya. Kuma kada wani ya kawo mini zancen ƙaddara. Mutumin da ke kulle shagonsa da kwaɗo uku kowane dare bai bar wa ƙaddara shinkafarsa ba, ransa da na iyalinsa kaɗai ya ga dama ya bar mata.

Na sha faɗa cewa matsalarmu ta faro ne daga yadda muke koyon tuƙi. Yaro ya yi shekaru yana karen mota, ya iya juya sitiyari da ba da wuta, shi ke nan ya zama direba. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa ma'anar fitilun da ke gabansa. Littafin motar, in ma yana nan, da Jamusanci yake. Sai ka ga mai tuƙa otomatik da ƙafa biyu, ranar firgita ya take totur a maimakon birki. Sai ka ga an kunna babbar fitila an kashe wa na gaba ido, alhali ga amalanke a gefen hanya ba ko ƙyalli. Idan jar fitilar jakar iska ta kama ta ƙi mutuwa, wadda ke nufin na'urar ta sami matsala kuma mai yiwuwa ba za ta buɗe ba, sai a kai wa bakanike ya cire ƙwan, ko a liƙe wurin da baƙin salatif. An yi gyara ke nan. Wata motar ma ta riga ta yi haɗari a can inda ta fito, jakar ta fashe, aka mayar da murfi a kan rami, aka sayar mana da ita a matsayin mai erbag shida.

Akwai kuma abin da ban taɓa jin an tattauna a tasha ko a gareji ba. Kamfanin Takata na Japan ya yi shekaru yana sayar wa manyan masu ƙera mota, irin su Toyota da Honda da Citroën, jakar iskar da sinadarinta ke lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima. Idan ta tashi buɗewa sai gwangwanin ya tarwatse, ya watsa wa direba ɓaraguzan ƙarfe a fuska da wuya. An yi kiran miliyoyin motoci a duniya don a sauya ta kyauta, kamfanin ya durƙushe a 2017, amma har a watan Yunin 2025 sai da ta kashe wata mata a birnin Reims na Faransa, cikin Citroën C3. Mafi yawan waɗanda ta kashe a ƙasashen Faransa a tsibiranta masu zafi suke, irin su Gwadalup. To wasiƙar kiran tana zuwa ne adireshin mai motar na can Turai. Ba za ta taɓa isowa Sarkin Hausa ko Bawdeta ba, inda motar ke kwana a rana tun daga bazara har damina. Mai irin waɗannan motoci, musamman ƙirar shekarun 2000 zuwa tsakiyar shekarun 2010, ya kwafi lambar shasi daga takardar motar, ya sa yaro mai waya ya duba a shafin kamfanin.

Hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurran hanya da sandikan direbobi na tashoshin Tasawa da Mayahi, ga aiki. A daina duba ko bel na kan ƙirji, a sa hannu a ja a ga ko ya maƙale. A hana cusa fasinja biyu a kujerar gaba mai bel ɗaya. A hana sayar da guntun ƙarfen nan a fili. Daga Tasawa zuwa babban asibitin Maraɗi ya haura kilomita 100, kuma wanda ya fasa kai a Maijirgi da dare sai ya yi wannan tafiyar kafin ya ga likitan da zai iya taɓa shi.