A Shigo da Tiya da Jarka Cikin Aji

'Yan uwana ɗalibai, da yawanmu muna tsoron lissafin rabi, kwata da ɗigo, alhali da shi ake ciniki kowace Lahadi a kasuwar Mai'adua. Jarka mai cin lita 25, rabinta lita 12.5 ne. Idan tiyar gero naira 1,000 ce, uku bisa huɗunta naira 750 ne. Wanda bai iya wannan ba, ko an tauye masa awo ba zai gane ba, kuɗin iyayensa kuwa sun tafi.

Saboda haka ina roƙon malamanmu na lissafi su riƙa shigo mana da tiya, kwalba da jarka cikin aji, mu auna yashi da ruwa da hannunmu. Mu kuma ɗalibai, mu daina gudun darasin.