Majalisun Jihohi Na Buƙatar Sashen Bincike

Malam Edita,

Gyaran tsarin mulkin da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023 ya ba jihohin Najeriya ikon yin dokoki kan wutar lantarki, jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali. Wannan nauyi yana buƙatar ilimi. Ɗan majalisar da zai tsara dokar lantarki sai ya san farashin wuta, yawan masu mita da ƙauyukan da layin wuta bai kai ba. Cibiyar NILDS da ke Abuja, wadda aka kafa a 2011, tana horar da 'yan majalisa, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma tana fitar da alƙaluma. Duk da haka, ya kamata kowace majalisar jiha ta kafa sashen bincike, ta haɗa kai da jami'o'in jiharta.

Mai karatu, Kano