Ruwan Lau Da Shugabannin Jaje

Duk wanda ya taɓa zama a garin Lau, can bakin Kogin Binuwai a Jihar Taraba, ya san ruwa ba ya shigo wa mutane da sanɗa kamar ɓarawo. Manomin shinkafa a fadama da masunci a cikin kwalekwalensa duk sun san daga watan Agusta zuwa Oktoba kogi yakan cika ya batse, sun kuma san idan aka buɗe madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, wadda aka gama ginawa a 1982, to ruwan zai ratso Adamawa ya iske su har ɗaka. Abin da talaka ya sani haka, ƙarya ne a ce gwamnati ba ta san shi ba. Wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami, domin mun gaji da jin ana kiran sakaci da sunan ƙaddara.

A 2012 ruwa ya ci gonaki da gidaje a Lau da Karim Lamiɗo da Ibi. A faɗin ƙasa kuwa, hukumar NEMA ta ƙirga mutum 363 da suka rasu, fiye da miliyan 2 kuma suka rasa matsuguni. Shugaba Goodluck Jonathan ya yi wa ƙasa jawabi, ya ware Naira biliyan 17.6, ya kafa kwamitin tara taimako ƙarƙashin Aliko Dangote da Olisa Agbakoba. Aka raba buhunan hatsi da tabarmi, aka ɗauki hotuna, kowa ya watse. Bayan shekara 10 cif, wato a 2022, ruwan ya komo ta hanyarsa ta dā, ya halaka mutum fiye da 600. Ana cikin wannan juyayi Shugaba Muhammadu Buhari ya tafi taro Koriya ta Kudu, ya bar wa ministan albarkatun ruwa umarnin ya kawo tsarin magance ambaliya cikin kwana 90. Jama'a, kwana 90 bayan shekara 40!

Mun ce shekara 40 ne saboda tun a shekarun 1980 ake zancen gina madatsar Dasin Hausa a yankin Fufore na Adamawa, domin ta tare ruwan Lagdo ta kuma ba manoma ruwan rani. Gwamnatocin soja da na farar hula sun zo sun shuɗe, madatsa tana kwance a takarda. Masu kare gwamnati sukan ce ai ruwan sama da ƙananan koguna irin su Taraba da Donga sun fi Lagdo laifi. To, mun ji. Amma wannan hujja su take tuhuma, domin wanda ya san ruwa na da ƙofofi da yawa shi ya fi cancanta ya yashe kogi, ya yi ganuwa, ya tanadi tudun da mutane za su koma kafin damina ta yi nisa. Ai tun ran gini ran zane.

Tarihi kuwa bai bar mu cikin duhu ba. Annabi Yusuf, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a shekarun yalwa ya cika rumbuna, sa'ad da babu mai kukan yunwa. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, a Shekarar Toka, wato ta 18 bayan Hijira, ya haramta wa kansa man shanu har sai talakawa sun samu, ya kuma aika wa gwamnoninsa su turo ayarin abinci Madina. Da ya ji labarin annoba a Sham ya juyo da tawagarsa daga hanya, ya nuna wa sahabbansa cewa kauce wa halaka shi ma yana cikin ƙaddarar Allah. Ina waɗanda ke fakewa da ƙaddara za su kai wannan darasi?

Ga kuma ɗaya fuskar. A yunwar 1914, wadda Kanawa suka kira Kakalaba, Turawan mulki sun ci gaba da karɓar haraji mutane na faɗuwa a hanya, kuma da wannan ake tuna su. A Nijar, fari da zargin wawure abincin agaji sun share wa Seyni Kountché hanyar kifar da Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. A watan Satumba na wannan shekara Sarki Haile Selassie na Habasha ya rasa gadonsa, bayan an ɓoye wa duniya yunwar Wollo. Talaka yana da haƙuri, amma ba ya mantuwa.

Mu ma malamai da ɗalibai muna da namu kason na laifi. Mun iya rera wa shugaba waƙar yabo don ya sauka daga jirgi ya yi jaje, mun kasa tambayarsa abin da ya yi da rani. Daga yau ma'auninmu ya zama ɗaya: duk mai neman ƙuri'ar mutanen Lau, ko ɗan majalisa ne ko gwamna ko shugaban ƙasa, ya faɗa musu ina aka kwana kan Dasin Hausa, nawa aka kashe wajen yashe Binuwai, kuma wane tudu aka tanadar wa matansu da 'ya'yansu kafin Agusta. Wanda ba shi da amsa ya riƙe buhun shinkafarsa, domin mutanen Lau sun iya noma tasu in an tare musu ruwa.

Allah ya ba mu shugabanni masu hangen nesa, amin.