Kududdufan Kuza Na Jiran Jarin 'Yan Gwari

Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka soma haƙar kuza a tsaunukan Jos. Da kasuwarta ta faɗi warwas a 1985, kamfanoni suka tattara nasu ya nasu, suka bar ramuka cike da ruwa tun daga Bukuru har Barikin Ladi. Ramukan nan sun ci ƙasar noma, sun kuma ci rayukan yara. Amma da ruwansu samari ke noman rani na kabeji, karas, latas da tumatir, har wasu na tace tokar juji su zuba a madadin takin zamani. Duk ɗan gwarin da ke Mile 12 a Ikko, ko a Badun da Fatakwal, ya san lodin da ke tasowa daga kasuwar Farin Gada.

Abin da ya karya ƙashin bayan samarin shi ne fetur. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin lita ya yi ta hawa, har ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, ga shi injin ban-ruwa ba ya jin lallashi. Mai amfani da hasken rana kuwa ba ya shan mai, sai dai kuɗinsa a dunƙule ake biya. Ina yaron da ya gama sakandare zai same su? Banki ba ya kallon wanda ba shi da takardar fili, in ma ya kalle shi, kuɗin ruwa ya isa ya cinye amfanin shekara.

To, a nan ne 'yan'uwa mazauna Kudu ya kamata su shigo. Fataken da ke ba manomi kuɗin iri tun kafin shuka, ba wanda zai koya musu wannan ciniki. Ƙungiyoyin kasuwa da masu adashi za su iya sayen injin su ba lambu guda, a riƙa biyansu da kwanduna cikin kaka biyu ko uku, bisa farashin ranar, ba wanda dillali ya yanka tun manomi na cikin matsi ba.

Sharaɗi ɗaya ne tilas: ba kowane kududdufi ke da lafiyayyen ruwa ba, domin wasu na ɗauke da gubar ma'adinai. Wajibi ne gwamnatin Jihar Filato da masanan Jami'ar Jos su auna ruwan, su bayyana wa jama'a wanda ya dace da lambu, kafin kowa ya zuba kuɗinsa.