Takarda a Abuja, Kabari a Shiroro

Ranar 3 ga watan Yuni, 2024, wani ramin haƙar ma'adinai ya rufta a Galadima Kogo, cikin ƙaramar hukumar Shiroro, ya binne ma'aikata masu yawa, 'ya'yan talakawa da suka fita neman abin sawa a baka. Mahukunta suka yi ta'aziyya, aka ɗora laifi a kan ruwan sama. To, ruwan sama dai kowace shekara sauka yake yi. Tambayar da ta wajaba a kanmu ita ce: wane injiniya ne ya auna bangon ramin nan, ya sa hannu cewa ɗan Adam yana iya shiga? Ina sunansa, ina lambar rajistarsa?

Kada wani ya ruɗe mu da cewa babu doka. Tun 1970 aka kafa majalisar rajistar injiniyoyi ta ƙasa, wato COREN, da dokar soja mai lamba 55. Aka gyara dokar a 1992, aka sake yi mata gyaran da aka sa wa hannu a 2019, wanda ya ƙara wa majalisar ikon kai masu karya doka gaban shari'a. A 1990 kuma dokar soja mai lamba 40 ta kafa COMEG, mai yi wa injiniyoyin haƙar ma'adinai da masana duwatsu da ƙarƙashin ƙasa rajista. Ma'anar dokokin nan a fili take. Ba mai kiran kansa injiniya sai mai rajista, kuma kamfanin da ke neman lasin haƙa daga Gwamnatin Tarayya sai ya nuna ƙwararren da zai tsaya masa a kan aiki.

Amma me muke gani? Mai kuɗi ya kafa kamfani, ya nemi wani mai rajista da ke zaune a Abuja ko Kaduna, ya yi hayar takardarsa da hatiminsa, ya kai ofis. Da lasin ya fito, ko kwangila ta faɗo, shi ke nan. Mai hatimi ya karɓi rabonsa, ƙafarsa ba ta taɓa taka bakin ramin ba, aiki kuwa ya koma hannun wani ɗan'uwan maigida wanda bai san bambancin yumɓu da dutse ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: ɗan kwangila ɓarawo ne, injiniyan da ya sayar da sunansa abokin satarsa ne, majalisar da ta karɓi kuɗin sabunta rajista ta yi shiru ita ce ta buɗe musu ƙofa.

Waɗansu suna cewa ƙaddara ce. Lalle mun yi imani da ƙaddara, amma addininmu bai hana mai raƙumi ɗaure raƙuminsa ba kafin ya yi tawakkali. Waɗansu kuma, masu hawayen ƙarya, suna cewa tilasta rajista zai toshe wa talaka mai diga da shebur hanyar abinci. Wannan magana ta fi kowace muni. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, saboda ana daka dutsen zinariya a cikin gidaje. A 2015 annobar ta biyo mu har gida, ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi. Masani ɗaya tak da ya gwada dutsen nan zai iya faɗa wa iyaye cewa ajali suke niƙawa a tsakar gida. Ashe talaka ya fi kowa bukatar ƙwararre, domin mai kamfani ba ya shiga rami, ɗansa kuma ba ya shaƙar ƙura.

Abin takaici, ba rashin masana ke damunmu ba. Tun 1983 Jami'ar Fasaha ta Tarayya take a nan Minna, tana yaye injiniyoyi da masana ƙasa, da yawansu suna yawo da takardu babu aiki. Jihar da ta ɗauki madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru tana haska ƙasa ba ta da hujjar barin 'ya'yanta a hannun 'yan ga-ni-ga-ka.

Don haka muna kira da babbar murya. Gwamnatin Jihar Neja kada ta ba da kwangilar hanya, ko gada, ko ajin makaranta, sai ga kamfanin da injiniyansa ke da rajista mai rai. Kowane wurin gini da kowane rami a kafa allo mai ɗauke da sunan ƙwararren da lambarsa, cikin Turanci da Hausa da Nupanci da Gwaranci, yadda dagaci da lebura za su san wanda za su kama. COREN da COMEG su riƙa buga sunayen waɗanda suka kora, kowa ya gani. Ƙananan masu haƙa kuwa a haɗa su ƙungiya-ƙungiya, a ba kowace ƙungiya masani daga cikin samarinmu.

Tun ran gini ran zane. Ta'aziyya ba ta tono gawa, kuma mun gaji da ihu bayan hari. Duk hatimin da ba a iya kama mai shi ranar da ƙasa ta rufta, tawada ce kawai aka ɓata.