Gadu a gonar rogo: kafin ka nemi bindiga

Ɗan'uwa manomi, in gadu ya tone maka rogo ko dankali a nan Mandera, na san abin da ke zo maka a rai: bindiga, har ma wadda ba ta ƙara sosai. Dakata tukuna.

Tun Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da lasisin bindiga. Ko harba-ka-ruga ce, doka ta ce sai da izini. Ga kuma zamanin da muke ciki: a Maris 2025 an kashe maharba 16 'yan Arewa a Uromi, jihar Edo, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Nan gida ma, wanda aka gani da bindiga a daji da dare, wa zai tsaya yi masa tambaya?

Harbin kusa kuma ganganci ne. Gadun da ya ji rauni kan juyo da haurensa, ta toka kuwa sau ɗaya take tashi.

Ku haɗa kai a ƙungiyance: rami da shingen ƙaya a mashigarsa, gadi bi da bi da karnuka. In ɓarnar ta ƙi tsayawa, a gaya wa mai gari ya kira maharban da hukuma ta san da su, su fita da rana.