Batsari da Safana: Jinkirin biyan lada na cin riba

A shekarar 2024 ne Najeriya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, sai dai dokar ba ta shafi mai ma'aikata ƙasa da 25 ba.

Ke nan a Batsari da Safana, inda noma ne babbar sana'a, amana ce kawai tsakanin mai gona da ɗan ƙwadago.

Shekarun hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu kuma sun rage masu yarda su yi aiki a gonakin nesa.

Don haka manomin da ya saba jan ƙafa wajen biyan lada, gonarsa ake zuwa a ƙarshe lokacin noman fari, bayan ciyawa ta riga ta danne gero.